SMART: manhajar sintirin gandun daji, abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta

Shugaban masu gadin gandun daji yana da tambaya guda da take jiransa a ƙarshen kowane wata: ina da ina mutanena suka taka, kuma ina ne ƙafarsu ba ta kai ba? Shekaru da dama amsar tana kwance ne a cikin littattafan sintiri da aka rubuta da hannu, waɗanda ruwan sama ya jiƙa, gumi ya ɓata, aka kuma jibge su a kabad ɗin ofis har gara ta fara yi musu aiki. An ƙirƙiri manhajar SMART domin amsa wannan tambaya, kuma a kan wannan ma'auni nake son auna ta, a matsayina na wanda ya yi aikin tattara bayanan sintiri da ita, ya kuma koya wa sababbin ma'aikata yadda ake riƙe ta a daji.

Manhajar ba ta wani kamfanin kasuwanci ba ce. Gungun ƙungiyoyin kare namun daji ne suka haɗa kai a shekarar 2011 domin samar da ita, cikinsu har da WCS da WWF da Panthera, da ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan da takwararta ta Frankfurt, da gidan namun daji na Karolina ta Arewa, da kuma shirin MIKE mai bin diddigin kisan giwaye a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai. An fitar da ita ga jama'a a 2013. Ta gaji wata tsohuwar manhaja mai suna MIST, wadda aka soma aiki da ita a gandayen dajin Uganda tun ƙarshen shekarun 1990, kuma a yau ana amfani da ita a wurare fiye da 1,000 a ƙasashe sama da 70. Kyauta ake sauke ta. Akwai babban ɓangarenta da ake ɗorawa a kwamfutar ofis, inda ake ajiye bayanai da nazarinsu, akwai na wayar hannu wanda ma'aikata ke fita da shi, sannan akwai SMART Connect mai haɗa sansanoni da hedikwata ta intanet ga wanda yake da halin kafa shi.

Ɓangaren wayar shi ne na fi yabawa, domin an gina shi da sanin yadda aikin yake a fili. Kafin a bar sansani, jagoran tawaga yakan buɗe sabon sintiri, ya zaɓi sunayen waɗanda ke tare da shi, ya nuna ko a ƙafa za a tafi ko a mota ko a kwalekwale, ya kuma faɗi manufar fitar. Daga nan wayar takan riƙa ɗaukar inda suke lokaci-lokaci ba tare da an taɓa ta ba, kuma ba ta buƙatar sabis, tunda da taurarin ɗan'adam take gane wuri. A ce an iske tarko a kan turbar da dabbobi ke bi zuwa mashaya: wayar birkin babur da aka lanƙwasa aka yi zarge da ita, aka ɗaure a gindin ƙaramar bishiya, aka tokare bakinta da 'yan tsinke daidai tsayin wuyan gada. Mai riƙe da waya zai taɓa alamar aikin ɗan'adam, ya taɓa farauta, ya taɓa tarkon waya, ya shigar da adadin da aka samu, ya nuna ko sabo ne ko ya yi tsatsa, ko akwai dabba a ciki, ko an cire shi, sannan ya ɗauki hoto. Wanda hannunsa ya saba ba ya cika minti ɗaya a kan wannan, kuma wuri da lokaci sun riga sun shiga da kansu. A zamanin takarda, da yawa daga cikin kurakuran da ake samu daga kwafar lambobin GPS suke fitowa, inda kuskuren lamba guda kan jefa tarkon da aka gani a bakin rafi zuwa wata ƙasa dabam.

Wannan tsari na taɓa hotuna maimakon rubutu ya samo asali ne daga manhajar CyberTracker, wadda Louis Liebenberg da abokin aikinsa suka ƙirƙira a shekarun 1990 domin masu bin sawun dabbobi a kudancin Afirka waɗanda ba su yi karatun boko ba. A ganina wannan gado ya fi duk wani ƙyale-ƙyalen manhajar daraja. Duk wanda ya yi aikin daji ya san cewa mutumin da zai dubi kashin giwa ya faɗi jiya ta wuce ko shekaranjiya, ko ya bambance sawun damisa da na kura a kan busasshiyar ƙasa, sau da yawa shi ne wanda fom ɗin takarda yake mayarwa saniyar ware. Idan aka tsara allon da hotuna da harshen da ma'aikata suke ji, wannan mutum yakan zama shi ne mai shigar da bayanai da hannunsa, kuma abin da ya shigar yakan fi na mai takardar shaida inganci.

Amfanin da ya fi kowane girma yana bayyana ne ranar da aka buga taswirar farko. Manhajar tana iya yanka gandun daji gida-gida, misali kilomita ɗaya tsawo da faɗi, ta shafa wa kowane gida launi gwargwadon yawan takun da ya samu. Abin da kan fito kusan ko'ina iri ɗaya ne: layukan sintiri sun cunkushe a kewayen sansani da gefen hanyoyin mota kamar saƙar gizo-gizo, yayin da kusurwoyin nesa, da bayan tsaunuka, da tsallaken kogin da ke cika da damina suka tsaya fari fat. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin rahotannin baya, kowa ya fita aikinsa, sai dai ƙafa takan bi inda ta saba. Mafarauci kuwa ya san wannan taswira tun kafin a buga ta, domin shi ma yana lura da inda ake bi da ranakun da ake bi. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa masu gadin gandayen daji a duniya baki ɗaya kimanin 286,000 ne, wato mutum ɗaya ga kusan murabba'in kilomita 72. Da irin wannan ƙarancin hannu, inda aka tura mutum ya fi yawan kwanakin da ya yi a daji muhimmanci, kuma fararen gidajen nan na taswira su ne ke nuna wa shugaba inda zai juya akalar aikinsa.

Akwai shaidar cewa hakan yana aiki. A gandun dajin Queen Elizabeth na Uganda, masu bincike sun yi amfani da bayanan sintiri na shekaru wajen gano wuraren da ayyukan ɓarna suka fi yiwuwa, aka karkatar da tawagogi zuwa can, kuma sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa yawan ɓarnar da ake ganowa ya ƙaru, a wasu fannoni da fiye da kashi 250 cikin 100, ba tare da an ƙara kuɗi ko ma'aikata ba. Daga baya an haɗa manhajar da wani tsarin hasashen inda mafarauta za su yi ɓarna, mai suna PAWS, wanda aka gwada a gandun Srepok na Kambodiya. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura cewa a waɗannan wurare akwai ƙwararrun masu lissafi da suka zauna a kan bayanan, wanda ba kowane gandu ne yake da irinsu ba.

A nan ne kuma babban haɗarin manhajar yake, kuma ina ganin masu tallata ta ba su cika jaddada shi yadda ya kamata ba. Abin da take tarawa shi ne abin da masu sintiri suka gani, wanda ya sha bamban da abin da ya faru a dajin. A ce jadawali ya nuna tarkunan da aka cire sun ragu da rabi tsakanin watan jiya da wannan. Mai yiwuwa mafarauta sun ja da baya saboda matsin lamba. Mai yiwuwa kuma sun koma wani ɓangaren da ba a shiga. Yana iya zama ciyawa ce ta yi tsawo bayan ruwa ya sauka har ido ba ya iya tsinkayar waya, ko mutumin da ya fi kowa ido a tawagar yana kwance ba lafiya, ko kuma dabbobin ne suka ƙare a wurin har ɗana tarko ya daina biyan wahalarsa, wanda shi ne mafi munin fassarori. Jadawalin zai fito iri ɗaya a duk waɗannan halaye. Manhajar tana ba da damar raba adadin tarkuna da yawan kilomitocin da aka taka, kuma wannan ya fi kirga tarkuna zalla, amma bai kawar da matsalar ba, domin kilomita ɗaya a fili mai gajeriyar ciyawa ba daidai take da kilomita ɗaya a cikin kurmi ba. Tarkon waya abu ne mai arha, mai wuyar gani, kuma ana ɗana shi da yawan da ya wuce tunani; wani rahoton WWF na 2020 ya ƙiyasta tarkuna kimanin miliyan 12 a cikin gandayen Kambodiya da Laos da Biyetnam kaɗai. Abin da tawaga mafi ƙwazo za ta cire ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ke ƙasa. Matsalar ita ce rahoton SMART yana fitowa da kyan gani, da launuka da taswira da tambarin hukuma, har wanda ke zaune a hedikwata ko mai ba da tallafi ya ɗauke shi a matsayin ƙidayar gaskiya. Wanda yake son sanin ko namun daji suna ƙaruwa ko raguwa sai ya yi ƙidaya ta daban bisa ƙa'ida, da layukan ƙirga ko kyamarorin da ake ɗaurawa a bishiya. Manhajar tana da sassan da ke karɓar irin waɗannan bayanai, amma sintirin yau da kullum ba zai tsaya a madadinsu ba.

Abu na biyu da ya kamata shugaba ya yi hattara da shi shi ne yadda ma'aikata suke kallon wayar. Tunda tana nuna inda kowa ya taka da tsawon lokacin da ya zauna a inuwa, da yawa sukan fara ɗaukarta a matsayin 'yar rahoton oga. Idan aka ɗaure alawus ko ƙarin girma da yawan kilomita, to, kilomita za a samu. Na ga inda tawaga takan damƙa wayar ga mutum ɗaya ya yi ta zagaye a kan hanyar mota, sauran suna sansani, kuma a takarda su ne suka fi kowa ƙwazo a wannan wata. Mai nazarin da ya san aikinsa zai gane, domin gudun da layin ya nuna ya fi ƙarfin tafiyar ƙafa, kuma babu abin da aka rubuta a tsawon hanyar. Amma ɓarnar da ta fi wannan ita ce ta ɓoye: kwanton ɓauna a bakin mashaya, inda mutane za su kwana biyu a wuri ɗaya ba motsi suna jiran mafarauci, yana daga cikin ayyuka mafi amfani da haɗari, kuma a ma'aunin kilomita sifili ne. Shugaban da bai fahimci haka ba zai hukunta mafi jarumtar mutanensa. Binciken da WWF ta wallafa a 2019, wanda ya ji ta bakin ma'aikata 7,110 a ƙasashe 28, ya nuna cewa da yawansu suna fita aiki ba tare da isasshen ruwan sha mai tsabta ko matsuguni ko na'urar sadarwa ba. Mutumin da takalminsa ya yage, aka kuma miƙa masa sabuwar waya domin a riƙa bibiyar takunsa, yana da hujjar yin tsaki.

Inda na ga manhajar ta samu karɓuwa shi ne inda ake mayar wa ma'aikata da sakamakon aikinsu. A ƙarshen wata a buga taswira babba, a shimfiɗa ta a kan teburi, kowace tawaga ta ga layinta, a tambaye su me ya hana shiga wancan lungu, a kuma saurari amsar, domin sau da yawa dalilin na gaske ne: gada ta karye, babu ruwan sha a yankin, ko akwai masu ɗauke da makamai da suka fi ƙarfin mutum biyar. A wannan zama ake tsara fitar wata mai zuwa. Inda bayanai ke hawa sama kawai ba sa saukowa, cikin 'yan watanni ake daina shigar da komai sai abin da ya zama dole.

Kafa manhajar a ofis ba wasa ba ne. Kafin a fita da waya ko sau ɗaya, dole a zauna a tsara jerin duk abin da za a riƙa rubutawa, rukuni-rukuni, da tambayoyin da ke ƙarƙashin kowane. Jarabar da ke kama kowa a wannan mataki ita ce son a saka komai, kowane tsuntsu da kowane nau'in bindiga, har allon ya zama dogon rami da ma'aikaci zai yi ta gangarawa a tsakiyar rana kafin ya kai ga abin da yake nema, kuma idan ya gaji sai ya riƙa danna "wani abu dabam". Gyara jerin bayan an yi shekara ana aiki kuwa yana iya wahalar da kwatanta sababbin bayanai da tsofaffi. Fuskar manhajar a kwamfuta ta tsufa, tagogi sun yi yawa, kuma sashen tsara rahoto yana buƙatar horo na musamman da haƙuri. Wanda ya yi wata biyu bai taɓa shi ba sai ya koma kan littafin koyarwa. Sabunta ta zuwa sabon zubi ma yana son taka-tsantsan, musamman inda aka haɗa kwamfutoci da dama, kuma wanda ya fara bai ajiye kwafin rumbun bayanansa a wani wuri ba ya yi ganganci.

Wayoyin kansu su ne ke cin kuɗi. Ɗaukar wuri akai-akai yana shan batir, don haka sintirin kwana da kwanaki yana buƙatar ma'ajiyar caji ko ƙaramin farantin sola. Allo yana wuyar gani a hasken rana, ba ya jin yatsa mai gumi, kuma a ƙarƙashin manyan itatuwa ko cikin kwazazzabo layin kan yi tsalle-tsalle. Waya mai jure ruwa da faɗuwa ta fi tsada, amma ita ce ke kaiwa shekara ta biyu. Saboda haka kalmar kyauta tana iya yaudarar mai tsara kasafi: bayan wayoyi akwai kwamfuta da wutar da za ta riƙe ta, akwai horo da sake horo, akwai albashin wanda zai zauna a kan bayanan. Wannan mutum shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya, kuma shi ne wanda ya fi saurin samun aiki mai tsoka a wani wuri da zarar ya ƙware. Na san gandun da aikin ya tsaya cik bayan tallafin shekaru uku ya ƙare, mai nazarin ya tafi, ba wanda ya san kalmar sirrin shiga, wayoyi kuma suka koma na kallon bidiyo.

Ga wanda aikinsa ya fi karkata ga kula da ƙasa fiye da kamun mafarauta, manhajar tana da amfani, amma sai an lanƙwasa ta. Ana iya tsara ta ta riƙa ɗaukar inda gobarar daji ta ci, da yaɗuwar baƙin tsirrai masu mamaye fili, da zaizayar ƙasa, da halin da mashayu suke ciki, da duwatsun iyaka da aka tumɓuke, da sabon sheme ko ramin gawayi, da shigar garken shanu. Idan aka jure wa wannan shekara da shekaru, ana samun tarihin fili da babu mai iya riƙe shi a ka. Akwai kuma SMART Collect, wanda ke ba mazauna kewayen gandu damar aiko da rahoto da wayoyinsu. Duk da haka ƙashin bayanta sintiri ne da tabbatar da doka, kuma wannan yana tasiri a kan yadda mai amfani da ita yake kallon maƙwabtansa. Manomin da giwaye suka tattake masa gona a dare ɗaya yakan zama ɗigo guda a taswira, haka ma makiyayin da fari ya koro, kuma babu wani gurbi a allon da zai nuna ko an je an zauna da su, ko sun yarda da hukumar gandun, alhali a kan wannan yarda ne yawancin labaran sirri masu amfani suke zuwa. Batun sirri ma yana buƙatar kulawa: sashen da ke ajiye bayanan waɗanda ake zargi da masu tsegumi, da wuraren da karkanda ko giwaye masu manyan haure suke kwana, kaya ne da zai iya jawo asarar rai idan kwamfutar ta faɗa hannun da bai dace ba. Manhajar tana da matakan izini ga masu shiga, kuma wajibi ne a yi aiki da su tun ranar farko.

Wanda buƙatarsa ita ce ganin abin da ke faruwa a daidai wannan lokaci, wato inda motoci da rediyoyin ma'aikata da dabbobi masu na'urar bibiya a wuya suke, wata manhaja mai suna EarthRanger ta fi dacewa da shi. Kamfanin Vulcan na marigayi Paul Allen ne ya fara gina ta, ita ma kyauta ce, amma tana son intanet mai ɗorewa da ɗakin sa ido da ba a barinsa babu kowa. SMART ta fi ƙarfi wajen waiwaye da nazari da tsara wata mai zuwa, kuma tana aiki inda babu sabis ko kaɗan. Ɓangarorin biyu sun sanar da ƙulla ƙawance a 'yan shekarun nan, don haka ba lallai ba ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Ga matasan da ke neman shiga wannan aiki kuwa, iya sarrafa ta ƙwarewa ce mai kasuwa: ƙasashen duniya sun amince a birnin Montreal na Kanada a Disambar 2022 cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030, kuma binciken 2022 da na ambata ya ƙiyasta cewa hakan zai buƙaci masu gadi kusan miliyan 1.5. Littattafan koyon manhajar suna nan a shafinta ba tare da biyan komai ba.

Ina ba da shawarar SMART ga duk gandun da yake da tawagogi masu fita a kai a kai, da sharaɗin cewa kafin a sayi waya ko guda an ware mutum biyu da za su koyi ɓangaren kwamfuta, an kuma sanya zaman duba taswira na wata-wata a cikin jadawalin aiki. A fara da tawaga ɗaya da gajeren jeri, wanda bai wuce tarko da mushe da sansanin mafarauta da sare itace da manyan dabbobin da aka fi damuwa da su ba, a ƙara sauran bayan an ga damina da rani sun zagayo. Ƙaramin wurin da ba shi da wanda zai zauna a kan bayanan gara ya ci gaba da na'urar GPS da littafi da taswirar bango da ake yi wa alama da fensir, har zuwa lokacin da kasafinsa zai ɗauki albashin wannan mutum.